Wanne ya fi cutarwa: a raina iyawarka ko a ɗauke ka fiye da yadda kake?

Ɗan Kwamfuta:

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. Ina da wata tambaya da ta daɗe tana damuna, kuma ina son jin ra'ayin waɗanda suka riga ni shiga aiki da hulɗa da jama'a. Na yi babbar difloma, wato HND, a fannin kimiyyar kwamfuta, kuma ina aiki a wata ma'aikatar gwamnati. A ofis ba a tunawa da ni sai firinta ta ƙi aiki ko takarda ta maƙale a cikin injin fotokwafi, alhali ni ne na tsara jadawalin Excel da sashenmu ke tattara bayanan ma'aikata da shi, kuma duk rahoton da shugaban sashe zai kai gaba ta hannuna yake bi. Idan za a yi taro a kan aikin da ni na yi, wani mai digiri ake turawa, shi kuma sai ya tare ni da safe a bakin ƙofa ya ce in yi masa bayani a tsaitsaye kafin ya shiga.

A unguwarmu kuwa abin ya juye. Kowa "Injiniya" yake kirana, kuma a ganinsu duk abin da ke da waya ko batir to fannina ne. Ana kawo mini salular da ta faɗa ruwa, da shafin Facebook da aka yi wa kutse, da asusun bankin da aka rufe, har da takardun yaran da ake so in samar wa aiki. Idan na ce ban iya ba, sai a ce ƙanƙan da kai nake yi, wasu kuma su ce rowa ce. Yanzu haka wani kawuna ya sayo kayan sola, ya kuma rantse ba zai biya wani ya haɗa masa ba tunda ga ni a gida.

Shin a cikin biyun nan wanne ya fi illa ga mutum, kuma wanne ya kamata in fara magancewa?

Tsohon Hedimasta:

Wa alaikumus salam, ɗana. Amsata ita ce raini ya fi illa, amma da sharaɗi ɗaya: idan ya fito daga wanda makomarka take hannunsa. Rainin maƙwabci ko abokin hira ba ya rage ka da komai. Rainin malami ga ɗalibi, ko na shugaba ga ma'aikaci, shi ne abin tsoro, domin ba a zuciyar mai rainin yake tsayawa ba, yana fitowa ne a aikace, ya shiga cikin wanda aka raina har ya zama gaskiya.

Na ga wannan a aji shekara da shekaru. Yaron da malami ya yi wa kallon mai ƙoƙari, idan aka tambaye shi ya yi shiru, malamin yakan jira shi, ya sauya masa tambayar, ya ɗan buɗe masa hanya har ya kai ga amsa. Yaron da aka riga aka yanke wa hukuncin daƙiƙanci kuwa, kafin ya gama miƙewa daga benci an ce masa "zauna", an nuna wani. Idan aka yi masa haka zango ɗaya, shi da kansa zai koma layin baya, ya daina ɗaga hannu, daga nan kuma sakamakon jarrabawa ya fito ya ba malamin hujjar cewa dama ya faɗa.

An taɓa gwada wannan a Amurka. Robert Rosenthal da Lenore Jacobson sun yi wa yaran wata firamare a jihar Kalifoniya jarrabawar auna basira, sannan suka ba malamai sunayen kusan ɗaya cikin kowane yara biyar, suka ce waɗannan za su yi fice a bana. Gaskiyar magana kuwa ita ce sunayen da ka aka tsamo su, ba tare da duba makinsu ba. Da aka sake jarrabawar, sai aka ga yaran nan sun fi sauran ƙaruwa, musamman 'yan aji ɗaya da aji biyu. An wallafa sakamakon a 1968. Masana sun yi ta sukar yadda aka gudanar da binciken, kuma waɗanda suka maimaita shi daga baya sun sami tasirin bai kai yadda aka fara zuzuta shi ba, sun kuma lura cewa ya fi ƙarfi idan malamin bai riga ya san yaran ba. Wannan gaɓar ta ƙarshe ita ce ta shafe ka. Ra'ayin farko shi ne mai wuyar kankarewa, kuma a ofishinku an san ka tun ranar farko a matsayin yaron da ke gyara firinta. Saboda haka ina ba ka shawara ka fara da ofis, don a can ne albashinka da ƙarin girmanka suke. Zancen unguwa mai sauƙi ne.

Ɗan Gidan Kallo:

Baba Hedimasta, ina neman afuwa, amma ban yarda da kai gaba ɗaya ba. Ni a ganina wanda aka raina yana da wata riba da wanda aka kambama ba shi da ita, wato yana da damar yin kuskure ba tare da an kafa masa ido ba. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce raina kama ka ga gayya.

Ku dubi Leicester City a kakar 2015/2016. A kakar da ta gabace ta sun shafe watanni a ƙasan teburi kafin su tsira da ƙyar su ƙare a matsayi na 14, kuma kamfanonin caca a Ingila sun sanya yiwuwar su ci kofi a kan 5,000 da 1. Sun ci kofin da maki 81, wasa 3 kacal aka doke su. Jamie Vardy, wanda ya ci ƙwallo 24 a gasar, fam miliyan 1 aka saye shi a 2012 daga Fleetwood Town, ƙungiyar da ya buga wa wasa a wajen manyan rukunoni huɗu na ƙasar. Manyan ƙungiyoyi sun daɗe suna fito musu da gaba gaɗi, suna barin fili a bayansu, su kuwa abin da suke so ke nan.

Sannan ku dubi abin da ya biyo baya a ƙungiyar. A watan Yulin 2016 suka sayi Ahmed Musa daga CSKA Moscow a kan kuɗin da ya kai kusan fam miliyan 16, wanda a lokacin shi ne mafi tsada da ƙungiyar ta taɓa biya. Tun daga ranar, duk ƙwallon da ya taɓa da wannan kuɗin ake auna ta. Ƙwallo 2 ya ci a gasar Firimiya a kakarsa ta farko, ya yi ta zaman benci, har aka mayar da shi Moscow aro a Janairun 2018. Bayan wata biyar ya ci wa Najeriya ƙwallo 2 a ragar Iceland a gasar cin kofin duniya a Rasha. Ƙafar dai ita ce, gudun ma shi ne, amma a Leicester ba a ba shi lokacin da aka ba Vardy ba, wanda shi ma kakarsa ta farko a can ba ta yi kyau ba. Mafi muni shi ne labarin Freddy Adu, haifaffen Ghana, wanda ya fara buga wa DC United wasa a 2004 yana ɗan shekara 14 ana kiransa sabon Pele. Ya yi ta yawo daga ƙungiya zuwa ƙungiya, sama da goma, kuma a ko'ina ana ganinsa a matsayin wanda ya gaza, ba don bai iya ƙwallo ba, sai don bai zama abin da aka yi masa alkawarin zai zama ba tun yana yaro.

Don haka ƙanena, ni da ni ne kai, sunan "Injiniya" zai fi hana ni barci fiye da rainin ofis.

Malamar Lab:

Ɗan Gidan Kallo, misalanka suna da daɗin ji, sai dai akwai abin da ka tsallake. Duk rainin da aka yi wa Leicester, doka ta tilasta a ba su wasa 38 kamar kowa, a fili ɗaya, a gaban jama'a, kuma ƙwallon da ta shiga raga ba wanda zai rubuta ta da sunan wani. A wurin aiki ba haka abin yake ba. Wanda ya raina ka shi ne ke zaɓen wanda zai shiga fili, kuma ɗan'uwanmu ya gaya mana ƙarara cewa aikinsa wani ne ke kai shi taro. Gayyar da kake magana ba ta samuwa ga wanda ba a taɓa gayyatarsa ba.

Labarin Katalin Karikó ya fi kusa da halin da yake ciki. Ta bar ƙasarsu Hungary zuwa Amurka a 1985, ta duƙufa a kan binciken ƙwayar mRNA, wadda ke kai wa ƙwayoyin jiki saƙon irin furotin ɗin da za su haɗa, a lokacin da masu ba da kuɗin bincike ba su ga amfaninsa ba. A 1995 Jami'ar Pennsylvania ta rage mata muƙami saboda ta kasa samo tallafi. A 2005 ita da Drew Weissman suka wallafa binciken da ya nuna yadda za a sauya ƙwayar don kada garkuwar jiki ta yi mata bore, amma ba a ba shi muhimmanci ba a lokacin. A 2013 ta koma kamfanin BioNTech na Jamus, kuma a kan wannan aiki aka gina rigakafin korona na Pfizer da na Moderna. A 2023 aka ba su kyautar Nobel. Mutane suna son ba da wannan labari don ƙarshensa ya yi daɗi, ni kuwa abin da nake gani shi ne shekara 28 tsakanin rage muƙamin da kyautar. Ita mun ji labarinta domin annoba ta zo ta tilasta wa duniya duba aikinta. Waɗanda aka raina suka gaji suka ajiye, ba wanda ke rubuta tarihinsu. Mu mata da ke aiki a asibitoci da ɗakunan gwaji mun san wannan sarai, domin sau da yawa za ki faɗi magana a taro a wuce ta, bayan minti kaɗan namiji ya maimaita ta a ce madalla.

Kuma rainin da ake yi wa mai HND ba na zuciyar mutum ɗaya ba ne, rubutacce ne. A tsarin aikin gwamnati da aka daɗe ana bi, mai HND yakan tsaya a mataki na 14 sai in ya ƙaro karatu, mai digiri kuwa yana iya kaiwa na 17. Majalisar Tarayya ta amince da ƙudurin soke wannan bambanci a 2021, amma shugaban ƙasa na lokacin bai sa masa hannu ba. Wannan bango ne da haƙuri kaɗai ba ya rushe shi.

Ƙanena, ga abin da nake ganin za ka iya yi. Duk rahoton da ka shirya, ka aika shi ta imel ko ka haɗa shi da takardar miƙawa mai ɗauke da sunanka da kwanan wata, maimakon ka miƙa filashi hannu da hannu. Idan fom ɗin tantance aiki na shekara, wato APER, ya zo, kada ka rubuta "gudanar da ayyukan kwamfuta" ka tsaya, ka lissafa abin da ka gina da wanda ke amfani da shi. Ranar da abokin aikin nan ya sake tare ka a bakin ƙofa, ka yi masa bayanin da kyau, sannan ka roƙi shugabanku cikin ladabi ya bar ka ka zauna a taron ko da a baya ne, saboda tambayoyin da ka iya tasowa. Tambaya ɗaya da za ta gagari kowa ka amsa ta ta fi ƙorafin shekara. Sannan ka nemi gurbin PGD, wato diflomar da ake yi bayan HND ko digirin farko, daga nan ka wuce digiri na biyu, domin takarda da takarda ake amsa ta.

Almajirin Zaure:

Allah ya saka wa waɗanda suka yi magana da alheri. Ina so in ƙara wani ɓangare, domin na lura da yawa daga cikinmu abin da ke hana mu bayyana iyawarmu shi ne tsoron kada ya zama yabon kai, abin da ke hana mu ƙin aikin da ba mu iya ba kuma shi ne kunya, kuma muna ɗaukar duka biyun a matsayin tawali'u. Addini bai ɗauke su haka ba.

Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare shi, da bakinsa ya ce wa sarkin Masar ya ɗora shi a kan taskokin ƙasa, domin shi mai tsarewa ne, masani, kamar yadda ya zo a aya ta 55 ta Suratu Yusuf. Malaman tafsiri sun kafa hujja da wannan aya cewa ya halatta mutum ya faɗi abin da ya iya idan ba a san shi ba kuma akwai buƙata. A Suratul Baƙara, aya ta 247, mutanen Ɗalutu sun raina shi saboda ba shi da dukiya, aka amsa musu cewa an fifita shi da yalwar ilimi da jiki, wato ma'aunin da suka ɗauka ba shi ne ma'aunin aikin ba. Haka kuma lokacin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya naɗa Usama ɗan Zaid jagoran runduna yana matashi, a cikinta akwai manyan sahabbai, wasu sun yi ƙorafi, sai ya tuna musu cewa sun soki jagorancin mahaifinsa a baya alhali ya cancanta. Bayan wafati Sayyidina Abubakar bai sauya shi ba.

A ɗaya gefen kuma, Muslim ya ruwaito cewa Abu Zarr ya nemi a ba shi wani muƙami, aka amsa masa cewa shi mai rauni ne, ita kuwa amana ce, kuma nadama ce ranar ƙiyama sai ga wanda ya karɓe ta da haƙƙinta ya sauke abin da ke kansa. Abu Zarr ba ƙaramin sahabi ba ne wajen gaskiya da gudun duniya, amma nagarta daban, iya wani aiki daban. An kuma ruwaito cewa an yi wa Imamu Malik tambayoyi 48, ya ce bai sani ba a kan 32 daga cikinsu, kuma wannan bai rage masa daraja a Madina ba.

Inda nake ganin bambanci tsakanin matsalolinka biyu shi ne wanda ke ɗaukar asara. Idan aka raina ka, kai aka zalunta, kuma kana da zaɓin ka yi haƙuri ko ka nemi haƙƙinka. Idan aka kambama ka, ka yi shiru ka karɓi aikin, to wani ne zai cutu, kuma alhakin a wuyanka yake. Ta wannan fuska na fi karkata ga Ɗan Gidan Kallo, ko da yake dalilinmu ba ɗaya ba ne.

Mai Haɗa Sola:

Baba Hedimasta ya ce zancen unguwa mai sauƙi ne, ni kuwa da yake sana'ata ce aka ambata, ina roƙon kada a ɗauke shi da wasa. Rabin aikin gyaran da ake kirana a kai, wani "Injiniya" ne na gida ya riga ni taɓawa. Yawancinsu yaran kirki ne masu ilimi, abin da ya faru kawai shi ne babba ya ce musu "ai kai ka iya", su kuma suka kasa kallon idonsa su ce a'a.

Ƙanena, kayan da kawunka ya sayo ba su san zumunci ba. Idan inbata mai ƙarfin bolt 12 ce aka haɗa mata batir biyu a jere suka zama 24, za ta ƙone nan take. Idan aka juya kan batir, jar waya ta tafi inda baƙa za ta je, sau da yawa ƙara ɗaya za ka ji sai wari. Na'urar da ke daidaita caji, da batir ake fara haɗa ta kafin a jona mata faifan sola, kuma da yawa suna yin akasin haka su lalata ta tun ba a kunna ƙwai ko ɗaya ba. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne siririyar waya tsakanin batir da inbata ba tare da fis ba, domin ita ba ranar take nuna kanta ba. Za ta yi ta ɗumi tana narkar da robarta a hankali, sai wata rana da dare an kunna firji da fanka, ta kama. Ranar da hakan ta faru ba wanda zai tuna cewa kyauta ka yi aikin, ko cewa ka fara cewa ba ka iya ba.

Na san ba za ka iya ce wa kawu "ba zan yi ba" kai tsaye ba, kuma bai kamata ba. Ka je ka same shi shi kaɗai, ba a gaban iyalinsa ba, ka ce masa karatunka na sarrafa bayanai ne a cikin kwamfuta, wutar lantarki kuwa fanni ne na daban, kuma kayan sun yi tsadar da ba za ka so ka koyi aiki a kansu ba. Sannan ka ɗauki ɓangaren da ka iya da gaske: ka lissafa masa yawan wutar da fankoki da ƙwayaye da talabijin ɗinsa ke ja, ka duba ko batirin zai ɗauke su har asuba, ka nemo masa mai haɗawa da aka ga aikinsa a gidaje biyu ko uku, ka yi cinikin kuɗin aiki, ka kuma tsaya a wurin ranar da za a haɗa. Ka tabbata mai haɗawar ya sa fis kusa da batir, ya kuma rubuta muku a takarda kayan da ba za a ɗora wa inbatar ba, irin su hita da dutsen guga.